Murabus ɗin Shugaba Senghor: Kwanakin Ƙarshe na Shekarar 1980

Gabatarwa

Ranar Laraba 31 ga watan Disamba na 1980, Léopold Sédar Senghor, wanda ya shugabanci Jamhuriyar Senegal tun daga 1960, ya miƙa takardar ajiye aiki ga shugaban Kotun Ƙoli ta ƙasar, Kéba Mbaye. Kashegari, 1 ga Janairu 1981, Faraminista Abdou Diouf ya yi rantsuwar kama mulki. Ba a harba bindiga ba, ba a rufe iyaka ba, kuma wa'adin Senghor yana da sauran shekara biyu da ƴan watanni, domin sai 1983 ne zai cika.

A cikin wannan maƙala za mu duba yadda aka shirya wannan sauka, da halin da ƙasar take ciki a makonnin ƙarshe, da abin da ya biyo baya. Abin da muke son nunawa shi ne, saukar ta ɗauki shekara goma ana gina ta da doka, sannan ta tabbata ne saboda tsohon shugaban ya kame bakinsa bayan ya tafi. Za mu kuma taɓo rigimar rubutun harshen Wolof, domin tana cikin kayan da Senghor ya bari ga magajinsa.

1. Ma'anar murabus

Bahaushe yana da kalmomi biyu game da rabuwar sarki da gadonsa yana da rai: tuɓewa da murabus. Tuɓewa daga waje take zuwa, murabus kuwa a ƙa'ida daga bakin sarkin yake fitowa. Amma duk mai bin tarihin sarauta ya san sau da yawa murabus riga ce da ake yafa wa tuɓewa don a rufa wa mai sarauta asiri. Sarkin Kano Muhammadu Sanusi ya yi murabus a 1963 bayan binciken da gwamnatin Jihar Arewa ta sa aka yi a kan kuɗin hukumar gargajiya ta Kano, ya koma Azare da zama. Sunan abin murabus, amma kowa ya san daga inda iskar ta kaɗo.

Saboda haka tambayar farko da ya kamata mai nazari ya yi game da Senghor ita ce: wane irin murabus ne wannan? Don a amsa ta, sai a dubi makomar takwarorinsa. An kashe Sylvanus Olympio na Togo a 1963. A 1966 an kashe Abubakar Tafawa Ɓalewa, aka kuma kifar da Kwame Nkrumah. Modibo Keita na Mali ya faɗi a 1968, Diori Hamani a ranar 15 ga Afrilu 1974, Tombalbaye na Cadi a 1975, Moktar Ould Daddah na Muritaniya a 1978. Cikin Afrilu 1980 sojoji suka kashe William Tolbert na Laberiya. Har cikin makonnin ƙarshe na Senghor, a watan Nuwamba na 1980, an yi juyin mulki biyu a yankin: ranar 14 aka kifar da Luís Cabral na Gine-Bisau, wadda ke iyaka da Senegal ta kudu, ranar 25 kuma aka kifar da Janar Lamizana na Haute-Volta, watau Burkina Faso ta yau.

An sha cewa Senghor ne shugaban Afirka na farko da ya bar mulki da kansa. Maganar tana bukatar gyara. Aden Abdullah Osman na Somaliya ya sha kaye a 1967 ya miƙa mulki, Janar Obasanjo kuma ya miƙa wa Shehu Shagari ragamar Nijeriya ranar 1 ga Oktoba 1979 ya koma gonarsa ta Ota. Abin da ya bambanta Senghor shi ne, yana cikin iyayen ƴancin kai, bai faɗi zaɓe ba, ba soja ba ne mai cika alkawarin komawa bariki, ya kuma sauka a tsakiyar wa'adinsa.

2. Tsanin da aka kafa da doka

Tushen al'amarin yana cikin rikicin Disamba 1962. A lokacin mulki a rabe yake tsakanin shugaban ƙasa da shugaban gwamnati, Mamadou Dia. Da suka saɓa, aka kama Dia, aka yanke masa ɗaurin rai da rai, aka kai shi Kédougou, inda ya zauna har 1974. Kundin tsarin mulki na 1963 ya soke muƙamin shugaban gwamnati, iko duka ya taru a hannun mutum ɗaya. Cikin Maris 1967, ranar Babbar Salla, wani mutum ya yi yunƙurin harbe Senghor a babban masallacin Dakar. A watan Mayu na 1968 ɗaliban jami'a da ƙungiyoyin ƙwadago suka girgiza gwamnati da yajin aiki. Waɗannan abubuwa sun nuna haɗarin da ke cikin rataya ƙasa a wuyan mutum guda.

Mataki na farko shi ne maido da muƙamin Faraminista a watan Fabrairu na 1970. Wanda aka naɗa, Abdou Diouf, haifaffen Louga ne a 1935, bai cika shekara 35 ba a lokacin. Ma'aikacin gwamnati ne da ya taso a ofis: ya yi gwamnan yankin Sine-Saloum, ya yi darektan ofishin shugaban ƙasa, ya yi babban sakataren fadar shugaban ƙasa, ya kuma riƙe ma'aikatar fasali da masana'antu. Ba ya cikin dattawan jam'iyya da suka yi gwagwarmayar neman ƴanci, kuma ba shi da rundunar magoya baya tasa ta kansa.

Mataki na biyu ya zo a 1976, lokacin da aka gyara aya ta 35 ta kundin tsarin mulki. Sabuwar ayar ta ce idan shugaban ƙasa ya rasu, ko ya yi murabus, ko ya kasa aiki, Faraminista ne zai gaje shi, ya ƙarasa sauran wa'adin ba tare da an kira zaɓe ba. Tunda shugaban ƙasa ne ke naɗa Faraminista, ma'anar ayar a fili take: shugaba shi ke zaɓen magajinsa. Ƴan adawa, musamman Abdoulaye Wade, sun soki wannan aya, suna ganin ta mai da jamhuriya gidan sarauta mai yarima.

A shekarar nan ta 1976 kuma aka buɗe ƙofar siyasa, amma da ma'auni. Doka ta yarda da jam'iyyu uku kawai, kowace da aƙidar da aka yanka mata: jam'iyya mai mulki, wadda ta ɗauki sunan PS, ta riƙe gurguzu na dimokuraɗiyya, PDS ta Wade, wadda aka kafa a 1974, aka ba ta sassaucin ra'ayi, PAI ta Majhemout Diop ta ɗauki Markisanci. Daga baya aka ƙara gurbi na huɗu na masu ra'ayin riƙau. Jam'iyyar RND ta Cheikh Anta Diop kuwa ba ta samu gurbi ba.

Mataki na uku shi ne zaɓen Fabrairu 1978, inda Senghor ya kara da Wade ya samu kusan kashi 82 cikin ɗari na ƙuri'u. Wannan nasara ta ba shi wa'adin shekara biyar, wanda zai iya raba shi biyu ya bar wa magajinsa saura. A shekarar ce kuma aka fitar da Babacar Bâ daga gwamnati, mutumin da ake ɗauka babban abokin hamayyar Diouf a cikin gida. Da haka hanya ta zama a share.

3. Halin ƙasa a shekarar ƙarshe

Kuskure ne a zaci Senghor ya bar ƙasa cikin wadata. Arzikin Senegal a kan gujiya ya dogara, fari kuma ya yi ta maimaituwa tun ƙarshen shekarun 1960, kamar yadda ya yi a sauran ƙasashen Sahel. Damunar 1980 ta yi muni ƙwarai. Farashin man fetur ya hau a 1979, kuɗin fosfat da ƙasar ta ci moriyarsa a tsakiyar shekarun 1970 ya faɗi, bashin waje ya yi nauyi. Cikin 1980 aka rushe ONCAD, hukumar da ke sayen gujiya daga hannun manoma tana ba su iri da taki bashi, bayan ta nutse cikin bashi da almundahana. A cikin shekarar Senegal ta ƙulla yarjejeniya da Asusun Ba da Lamuni na Duniya da Bankin Duniya, ta shiga sahun farko na ƙasashen Afirka da suka karɓi shirin gyaran tattalin arziki mai tsuke bakin aljihun gwamnati.

Makarantu ma ba su zauna lafiya ba. A watan Janairu na 1980 an yi tarzomar ɗalibai a Ziguinchor, cikin yankin Casamance, har aka rasa ran ɗalibi. Ƙungiyar malaman makaranta ta SUDES ta shiga yajin aiki a shekarar, gwamnati ta mayar da martani da kora da dakatarwa.

Daga nan ne masana suka rabu biyu. Wasu suna ganin dattijon ya hangi hadari ya shige ɗaki, ya bar wa yaronsa dukan ruwa. Wasu suna cewa shirin ya girmi matsalar, tunda ayar gado ta 1976 ta riga rushewar ONCAD da shekara huɗu. A ganinmu maganganun biyu ba su kore juna ba. Niyyar tsohuwa ce, amma halin 1980 ya sa lokacin ya nuna. Senghor yana da shekara 74, masanin nahawu ne kuma mawaƙi, aikin da ke gaba kuwa na lissafin kasafi ne da ciniki da masu ba da bashi, irin aikin da Diouf ya shekara goma yana yi.

4. Daga Oktoba zuwa daren sabuwar shekara

Mutanen Senegal ba daga bakin shugabansu suka fara jin labarin ba. Cikin watan Oktoba na 1980 ne jaridar Le Monde ta Paris, ta alƙalamin wakilinta a Dakar, Pierre Biarnès, ta ba da labarin cewa Senghor zai sauka a ƙarshen shekara. Wannan ya ɓata wa mutane da yawa rai, har cikin jam'iyya mai mulki, domin sun ga an sanar da Faransa kafin a sanar da masu ƙasa. Masu sukar Senghor sun daɗe suna cewa zuciyarsa tana can, sai ga abin da ya yi kama da shaida. A farkon Disamba aka tabbatar da labarin a hukumance.

Makonnin da suka rage sun tafi ne wajen ɗaure bakin zare. Akwai dattawan jam'iyya, waɗanda suka girmi Diouf a shekaru da gwagwarmaya, da ya wajaba a lallashe su su yi masa mubaya'a. Akwai shugabannin ɗariƙu, na Muridiyya a Touba da na Tijjaniyya a Tivaouane, waɗanda Senghor, Kirista ɗan Katolika a ƙasar da mafi yawan jama'arta Musulmi ne, ya shekara ashirin yana mulki da goyon bayansu. Akwai soja, wanda bai taɓa karɓar mulki a Senegal ba, kuma ba a so sauyin ya ba shi dalili. Ƴan adawa kuwa suna ta kira a yi zaɓe, ba a saurare su ba.

Ranar 31 ga Disamba aka bi ƙa'ida daki-daki. Takardar murabus ta tafi ga Kotun Ƙoli, domin ita ce hukumar da doka ta ɗora wa tabbatar da cewa kujerar ta zama babu kowa. Da dare Senghor ya yi wa ƴan ƙasa jawabin ban kwana ta rediyo da talabijin, a daidai lokacin da ya saba yi musu jawabin sabuwar shekara. Kashegari Diouf ya yi rantsuwa a gaban kotun. Abin da aka fi tunawa daga wannan zama shi ne jawabin Kéba Mbaye, wanda ya dubi sabon shugaban ya gaya masa cewa mutanen Senegal sun gaji. Alƙali ne ya faɗi abin da ƴan siyasa suka yi ta kewayewa. A ranar Diouf ya naɗa Habib Thiam Faraminista.

Sai abu na ƙarshe, wanda a ganinmu ya fi sauran nauyi: Senghor bai riƙe jam'iyya ba. Cikin watan Janairu na 1981 Diouf ya zama babban sakataren PS. Gwamnati da jam'iyya suka koma hannu ɗaya, ba a bar ƙofar da ƴan fada za su riƙa zagayawa suna kai ƙara wurin tsohon maigida ba.

5. Gadon baƙi biyu

Masu aikin harsuna suna da dalili na musamman na duba wannan sauyi. Senghor shi ne ɗan Afirka na farko da ya ci jarrabawar agregasiyo ta nahawu a Faransa, a 1935, kuma bai ajiye wannan alƙalami ba da ya hau mulki. A 1971 ya sa hannu a kan dokar da ta tsara haruffan harsunan ƙasa shida: Wolof, Serer, Fulatanci, Jola, Mandinka da Soninke. A 1975 wata doka ta tsara ƙa'idojin rubutun Wolof da rabon kalmominsa, a 1977 kuma aka tanadi hukunci ga wanda ya buga abu ya saɓa musu. Amma Faransanci ya ci gaba da zama harshen hukuma da na makaranta.

Gardamar da ta fi zafi a kan ninka baƙi ta tashi. Senghor yana ganin bai kamata a ninka baƙi a wasu kalmomin Wolof ba, masana da marubuta da dama suna ganin ninkin yana cikin harshen, kamar yadda Bahaushe ke bambanta baba da babba. Jaridar Cheikh Anta Diop mai suna Siggi ta ƙi zubar da g ɗaya, aka hana ta fita da wannan suna, ta koma Taxaw. Fim ɗin Ousmane Sembène mai suna Ceddo, na 1977, ya yi shekaru ba a nuna shi a Senegal ba, dalilin da hukuma ta bayar kuwa shi ne d biyu da ke cikin sunan, ko da yake mutane da yawa suna ganin yadda fim ɗin ya taɓo addini da sarauta shi ne ainihin dalili. Ta haka ƙa'idar rubutu ta zama sandar dukan ƴan adawa.

Abin lura shi ne saurin da aka yi wajen kwance waɗannan ƙulle-ƙulle bayan saukarsa. A ƙarshen Janairu 1981, wata ɗaya bai cika ba, Diouf ya kira babban taron ƙasa a kan ilimi, ya zaunar da malaman da aka yi ta faɗa da su, taron kuma ya nemi a shigar da harsunan ƙasa cikin makaranta. A cikin shekarar aka soke iyakance yawan jam'iyyu, RND ta samu izini. Rubutun Wolof na yau yana ninka baƙi. Haruffan 1971, waɗanda aka gina a kan aikin masana da yawa, sun zauna. Hukuncin da ya dogara ga ra'ayin shugaba shi kaɗai ya bi shi ya tafi. Shawarar taron 1981 game da makarantu kuwa ta daɗe a takarda, domin ta zo daidai lokacin da shirin tsuke aljihu ya hana gwamnati kashe kuɗi.

6. Bayan fada

Senghor ya koma gidansa na unguwar Fann a Dakar, wanda aka mayar gidan tarihi a 2014, yana kuma yawan zama a Faransa. Watanni kaɗan bayan saukarsa, a Yuni 1981, ɗansa Philippe ya rasu a haɗarin mota. A 1983 aka zaɓe shi cikin Majalisar Masana Harshen Faransanci, ɗan Afirka na farko da ya shiga cikinta. A ƙarshe ya tare a Verson, cikin yankin Normandi, garin matarsa Colette, inda ya rasu ranar 20 ga Disamba 2001 yana da shekara 95. A Dakar aka binne shi. Cikin waɗannan shekaru 21 bai tsoma baki a siyasar Senegal ba, ko da magajinsa yana warware abin da ya ƙulla.

Darajar wannan shiru tana fitowa idan aka kwatanta da Kamaru. Ahmadou Ahidjo ya yi murabus a Nuwamba 1982, Faraministansa Paul Biya ya gaje shi ta hanyar doka irin ta Senegal. Amma Ahidjo ya riƙe shugabancin jam'iyya. Shekara ba ta cika ba suka ɓata, ya bar ƙasar a 1983, aka yanke masa hukuncin kisa a bayan idonsa a 1984, ya rasu a Dakar a 1989, a can kabarinsa yake. Sarki biyu ba sa zama a gari ɗaya.

Haka nan idan aka dubi abokansa biyu da suka yi ɗawainiyar kafa ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, wadda aka sa hannu a kan yarjejeniyarta a Yamai ranar 20 ga Maris 1970. Diori Hamani ya yi shekaru a tsare bayan 1974, ya rasu a Rabat a 1989. Habib Bourguiba na Tunisiya, wanda aka naɗa shugaba na har abada, Faraministansa ne ya sauke shi a Nuwamba 1987 da takardar likitoci. Cikin su ukun, Senghor kaɗai ya zaɓi ranar tafiyarsa.

Kammalawa

Mu koma ga tambayarmu ta farko. Murabus ɗin Senghor na gaskiya ne, domin babu wanda ya tilasta shi, ya kuma saki gwamnati da jam'iyya gaba ɗaya. Sai dai ba jama'a ya mayar wa mulki ba, ya miƙa shi ne ga wanda ya zaɓa, ta hanyar ayar da aka ɗinka daidai jikin mutum guda. Diouf ya yi shekara biyu yana mulki kafin ya tsaya zaɓe a 1983, a shekarar kuma aka soke muƙamin Faraminista, tsanin da ya hau da shi ya tafi. Jam'iyyar PS ta ci gaba da riƙe ƙasa har shekarar 2000.

Duk da haka abin da aka gani ranar 31 ga Disamba 1980 ya zama ma'auni da ƴan Senegal ke auna shugabanninsu da shi. A watan Maris na 2000 Diouf ya faɗi zaɓe a hannun Wade, ya amsa kaye. Wade ya nemi wa'adi na uku a 2012, masu ƙuri'a suka ƙi shi, ya miƙa wa Macky Sall. A 2024 da Macky Sall ya ɗage zaɓe, Majalisar Tsarin Mulki ta soke ɗagewar, aka yi zaɓe a watan Maris, ya sauka a ƙarshen wa'adinsa. Ba za a ce Senghor ne ya haifi duk wannan ba, domin ƴan adawa da ƙungiyoyin ƙwadago da alƙalai da ƴan jarida sun biya nasu farashi. Abin da ya bari shi ne misali: tun daga 1981 kowane ɗan Senegal ya san tsohon shugaban ƙasa yana iya zama a gidansa, ba a kurkuku ko gudun hijira ba, ƙasa kuma ta ci gaba da tafiya.